Keke mai caji na hannu: mu daina cinikin biri a sama



Yau maganarmu kan keken nan mai caji ce, wanda wasu ke kira moto elektrik. Tun daga Yamai har Damagaram ya fara yawa. Da safe sai ka ga malaman lakkol, ma'aikatan asibiti da ƴan jami'a suna wucewa shiru, ba ƙara ba hayaƙi. Mun ji daɗin ganin haka. Amma wata cuta ta biyo bayan abin, kuma in munka yi shiru mun ci amanarku: dillalan kayan hannu sun gano kasuwa, suna ta sayar wa bayin Allah gawa da sunan araha.

A unguwarmu, nan Maradi, akwai wata malama da ke koyarwa a wata lakkol can hanyar Tibiri. Wata goma tana zubin adashe don ta huta da biyan kabu-kabu safe da rana. Da ta kwashi nata, anka haɗa ta da wani dillali. Ya fito mata da keke yana ƙyalli, ledar sirdi ma ba a cire ba, ya ce: "Malama, wanga kamar sabo na. Matar wani Alhaji ta hau shi wata uku ɗai ta aje." Ya murza makulli, alamar caji ta cika fal. Ta zagaya layi sau ɗaya, ta dawo ta ƙirga kuɗɗi.

Satin farko yana kai ta yana maido ta da ƙyar. A sati na uku, tana dawowa bayan azahar cikin ranar Afrilu, ya mutu mata tsakiyar hanya. Duk wanda ya taɓa tura irin keken nan cikin rairayi ya san nauyinsa. Da mai gyara ya buɗe ƙarƙashin sirdi, sai ga batiri huɗu: biyu sun kumbura kamar burodi, guda kuma ba ma kamfaninsu ɗaya da sauran ba. Ta koma wurin dillali, ya ce ai ciniki ya faɗa, kaya sun bar hannunsa. Yau keken na nan jingine cikin zaure, kaji na hawa, malama kuma ta koma bayan ɗan kabu-kabu.

Ba mu ga laifin mutanen da ke rububin keke mai caji ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Najeriya ta cire tallafin mai, kwalbar ƴan ruwa-ruwa da munka saba saye bakin hanya ta daina araha. Gaskiya ne a Yulin 2024 an rage litar esans daga sefa 540 zuwa 499, amma kowa ya tuna layin da anka sha a gidajen mai cikin Maris 2025, alhali matatar SORAZ na nan Damagaram tana aiki tun 2011. Shi kuwa keke mai caji, dubi abin da ke rubuce jikin batirinsa, misali 48V 20Ah. In ka ninka 48 sau 20 ka samu 960, ke nan abin da yake sha kusan kilowat guda ne, kuma kuɗɗin wutar cika shi bai kai rabin kuɗɗin lita ɗaya ba. Ba canjin bakin mai, ba fulogi, ba kabireta. Ga mai zuwa aiki kullum, wanga sauƙi ne na gaske.

Inda munka ɓata hanya shi ne mun ɗauko ilimin sayen moto na hannu mun ɗora kan keke mai caji. Moto mai esans ba ya iya ɓoye ciwonsa. Ka je da makanikinka, ya tada shi, ya saurari ƙarar inji, ya dubi hayaƙin salansa, ya taɓa bakin mai, cikin minti goma ya gaya maka gaskiya. In ma ya lalace bayan saye, babu garin da ba ka samun mai gyaransa da kayan gyaransa, daga Birnin Ƙonni har Magarya. Keke mai caji ba shi da ƙara balle a saurara. Injinsa na cikin cibiyar tayar baya, kuma ba kasafai yake lalacewa ba. Ran keken duka yana cikin batiri, shi ne kuma abin da ya fi komi tsada a jikinsa. Tsufan batiri kuwa ido ba ya ganinsa.

Ku lura da wagga magana, don nan ne ake cin mutane. Alamar cajin da ke gaban matuƙi ƙarfin wutar lokacin kaɗai take nunawa. Batirin da ya gaji, in anka cire shi daga caji yanzu, zai nuna ya cika daidai da sabo. Sai an ɗora masa nauyi, an yi tafiya mai nisa, sannan wutar ta zube gaba ɗaya. Shi ya sa dillali ke barinka ka zagaya layi, amma ba zai taɓa barinka ka je Tibiri ka dawo ba.

Batirin kekunan nan iri biyu ne. Akwai na darma, irin mai nauyin nan da masu sola sunka sani, shi ne cikin mafi yawan masu araha. Kowane guda 12V ne, ana jera huɗu a samu 48V, biyar a samu 60V. A jere suke aiki, don haka in guda ya yi rauni ya ja sauran ƙasa, kuma sa sabo guda cikin tsofaffi kashe sabon ne. Irin wanga batiri yana ɗaukar caji kamar sau 300 zuwa 500 kafin ya gaji. Mai hawa kullum sai ya yi lissafi da kansa: kamar wata goma zuwa wata goma sha shida ke nan. Sai kuma na litiyom, marar nauyi, mai tsada, wanda ke iya kai wa caji 500 zuwa 1000, wani ma ya wuce.

Wannan lissafi kuma na ƙasashe masu sanyi ne. Masu ƙera batirin darma a zafin digiri 25 suke auna kwanakinsa, kuma ƙa'idar da masu aikin sunka sani ita ce duk ƙarin kamar digiri 10 na raba kwanakin biyu. To mu da Afrilu da Mayu ke kai mu digiri 43, 45, ga keke an aje shi tsakar rana ƙofar biro tun safe? Ga yashin Tawa da na lungunan Maradi da ke sa inji jan wuta fiye da kan kwalta. Ga hawan da ke jiran mai tsallake Gadar Kennedy daga Harobanda. Ga ɗaukewar wuta: duk wanda ya mallaki keke tsakanin Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana, zuwa Maris 2024 da anka maido ta, sau nawa ya cika batirinsa har ƙarshe? Batirin darma ba abin da ke kashe shi kamar rabin caji da barinsa kwance babu wuta. Wanda ya shiga ruwan damina kuma, tsatsa na can tana cin wayoyinsa a ɓoye. Duk wannan tarihi yana cikin keken da dillali ya wanke ya shafa wa mai, kuma ba zai ba ka labarinsa ba. Sau da yawa shi kansa bai sani ba. Amma mai keken na farko ya sani sarai. Ku tambayi kanku: mutum na jin daɗin abin hawan da ba ya shan mai, mi zai sa ya sayar?

Za a ce mana: ku kuna da bakin magana, talaka ina ya ga kuɗɗin sabo? Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne, mun sani. Saboda talakan ne ma muke wagga magana. Mai kuɗɗi in anka cuce shi sai ya yi tsaki ya sayi wani. Mai adashe kuwa sau ɗaya yake da damar saye. Mu ɗauki misali, kowa ya sa farashin garinsu: a ce sabo jikka 400, na hannu jikka 260. Kana murna ka tsira da jikka 140. Bayan wata biyu batiri ya nemi jikka 100, caja ta ƙone, taya ta suɗe, birki na kuka, ga kuɗɗin kabu-kabu na kwanakin da keke ke wurin gyara, ga faɗan darekta kan latti. Ina ribar? Ka biya kuɗɗin sabo, kana hawan tsoho. Magabata ba su yi ƙarya ba da sunka ce araha ba ta ado.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗɗi muni. Batirin litiyom na hannu, wani an buɗe shi an cusa masa ƙwayoyin tsofaffin batiran kwamfuta, an naɗe da leda an maida. Wani an haɗa ka da cajar da ba tasa ba. Litiyom in ya kama wuta ba ya jiran a kawo bokiti, kuma mafi yawanmu cikin ɗaki muke caji da dare, kusa da inda ɗiya ke kwance, saboda tsoron ɓarayi. Maganar ɓarayi kuma, keken da babu faktir ɗinsa, ka san daga ina ya fito? Ranar da mai shi ya gane abinsa bakin kasuwa, kai ne za ka kwana kwamisariya, dillali na gida yana shan shayi.

Kada masu sayar da sabo su yi saurin tafa mana, don su ma muna da magana da su. Tun da anka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa ta Lome suke biyowa, su ratsa Burkina, su yi makonni bisa hanya, sannan su zauna cikin magaza. Batirin darma da ya yi watanni babu caji ya fara mutuwa tun yana cikin kwali. Wasunku kuma sun kawo kwantena guda, ba batirin canji, ba caja, ba akwatin nan mai raba wuta, ba yaron da ya iya gyara. In an tambaye ku garanti sai ku ce "Allah ne garanti". Haba Alhaji! Kai da ka je sayen kayan, ba takarda anka ba ka ba? Sabon da babu garanti a rubuce da kayan gyara a gari, shi ma biri ne a sama, sai dai bishiyar ta fi tsawo.

Don haka matsayinmu a fili yake. Duk wanda abincinsa ya rataya kan isa wurin aiki ƙarfe bakwai da rabi, ya daure ya ƙara zubi biyu ko uku ya sayi sabo, a shagon da yake da ƙofa da suna, da faktir mai lambar keken, da garantin batiri a rubuce, wata nawa ne kuma wa zai biya. Ya sa a buɗe masa ya ga ranar da anka buga jikin batiri. Ya tambaya nawa ne na canji, kuma a nuna masa shi bisa kanta, kada a ce "yana hanya". Ya zaɓi wanda zai iya ninka tafiyarsa ta yini, don nisan da ke rubuce jikin kwali an auna shi ne da siririn mutum bisa hanya mai santsi, kuma batiri raguwa yake kullum.

Wanda kuwa ya ga lalle sai na hannu, to ya saye shi da sunan gangar jiki. A cire kuɗɗin sabon batiri daga farashi tun wurin ciniki. A cika shi gabanka, ka hau da nauyinka, ka bi ainihin hanyar aikinka, ka je ka dawo, ko da za ka bar jingina. A buɗe ƙarƙashin sirdi ka duba kumburi, tsatsa da wayoyin da anka ɗaure da salatif. A kawo cajarsa ta asali da faktir ɗin farko. Ya fi kyau ka saya hannun wanda ka san gidansu. Dillalin da ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya ba ka amsa, ka yi masa sai an jima.

Ku kuma dillalai, ku ji tsoron Allah. Tun muna makarantar allo anka koya mana cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma wanda ya gano ɓoyayyen aibi yana da haƙƙin maida kaya. Ba mu hana ku sana'a ba. Ku ce wa mutum: ga keke, batirinsa ya gaji, ga farashinsa. Za ku samu mai saye, kuma ku ci halal.

Muna kuma kira ga makarantun koyon sana'a, irin su Lycée Technique Dan Kassawa da cibiyoyin da ke cikin komin-komin, su fara koya wa matasa auna batiri da gyaran kekunan nan. Ranar da kowace kasuwa ta samu yaron da zai ɗora wa batiri nauyi ya gaya maka ainihin abin da ya rage cikinsa kan dala ɗari, ranar ce kasuwar na hannu za ta zama ta gaskiya, mu ma za mu dawo mu ce ku saya.

Kafin ranar nan, malamarmu ta sake shiga wani adashen, wannan karon na sayen batiri. Kwasarta sai bayan damina.

Allah shi ba mu abin hawa mai albarka, shi tsare mu da asara. Amin.