Ɗakin Wa Ake Nufi?

Jama'a, ina da magana da 'yan'uwana masu shirin zama malamai.

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makaranta wajen Kagoro, na rubuta wa yara a allo cewa sinadaran asali 118 ne, watau abubuwan da daga gare su aka haɗa kome. Na ce a zafin ɗaki 11 iska ne, kamar oksijin da muke shaƙa, biyu ruwa-ruwa ne, zaiba da buromin, galibin sauran kuwa sandararru. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, ɗakin wa? Na ciyawa ko na kwano?" Yara suka fashe da dariya, ni kuwa na tsawata mata.

Da dare na koma ga littafi, ashe ita ce da gaskiya. Abin da masana ke kira zafin ɗaki digiri 20 ne zuwa 25 na santigiret. Amma akwai wani ƙarfe, galiyam, da ke narkewa dab da digiri 30, siziyam kuma a 28 da rabi. Wanda ya taɓa zama aji mai rufin kwano a Kafanchan da tsakar rana a watan Maris ya san zafin ya kan wuce haka. To, a ajinmu masu ruwa-ruwa sun zama huɗu ke nan.

Ra'ayina shi ne kada mu ƙara sa yara haddar wannan lissafi ba tare da faɗin yawan zafin ba, gama zafi ne ke sa abu ya sandare ko ya narke. Yaranmu sun riga sun ga manja ya daskare da hunturu, ya saki da bazara. Mu fara daga nan, kāna mu kai su ga kuza mai narkewa a digiri 232, da baƙin ƙarfe a 1,538. Mu tuna musu mutanen Nok sun iya fitar da ƙarfe daga tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Wasu za su ce mai jarrabawa biyu yake so. Gaskiya ne, a rubuta masa biyu, amma yaro ya san dalili. Wanda ya haddace kawai, da an juya tambayar sai ya yi zuru.

Kashegari na kira yarinyar gaban aji, na ba ta haƙuri, na ba ta alli ta rubuta tambayarta a allo.