Tun ran gini, tun ran zane

A Maradi da Damagaram, a Tawa da Yamai, ba ƙaramar dukiya ke nutsewa cikin gine-ginen da suka tsaya a rabi ba. Ɗan kasuwa ya ba da kuɗin somin aiki, ma'aikacin gwamnati ya ci bashin banki na shekaru, sai ɗan kwangila ya aza tubali ya ɓace, ko kuma ya dawo yana kukan siminti ya yi tsada. A lokacin ne ake tuna aboka, wato lauya, alhali ranar da ya fi amfani ta wuce: ranar sa hannu ga takardar kwangila.

To, wane aboka ya kamata a ɗauka? Da farko, wanda sunansa ke cikin jerin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa. Shugabanta, wanda ake kira batoniye, shi ke karɓar koke a kan lauya, har da gardamar kuɗin aiki. Dillalan da ke shawagi a bakin gidan shari'a ba su da wanda zai tsawata musu.

Na biyu, sanin dokar gini, domin gwanin shari'ar gado ba lallai ya zama gwanin kwangila ba. Mai gini na iya gwada shi da ƴan tambayoyi. Ayar doka ta 1792 ta kundin dokokin farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ta ɗora wa mai zanen gini da ɗan kwangila alhaki na shekara 10, in ginin ya rushe saboda aibin aiki ko na ƙasar wurin. Ta 1793 kuwa ta hana ɗan kwangilar da ya karɓi aiki a kan dunƙulallen farashi neman ƙari da hujjar tsadar kaya, ko ta sauyin da mai gini bai amince da shi a rubuce ba. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, da yadda kuɗin ƙarfe da kwanon rufi suka tashi, sun san nauyin wannan aya. Abokan da ya san aikinsa zai kuma yi maganar takardar fili, da biya kashi-kashi gwargwadon ci gaban aiki, da tarar jinkiri, da kuɗin da ake riƙewa har ranar karɓar gini ta ƙarshe.

Na uku, sanin ƙofar da za a buga. Nijar na cikin yarjejeniyar OHADA ta 1993, wadda ta daidaita dokokin kasuwanci, ta kuma buɗe hanyar sasanci ta hannun masu yanke hukunci da ɓangarori biyu suka zaɓa. Rigimar gini takan rataya ne ga rahoton ƙwararren da kotu ta naɗa. Lauyan da bai iya karanta lissafin kayan aiki ba, ba zai iya ƙalubalantar rahoton ba.

Na huɗu, amana. A tambaye shi ƙarara ko ya taɓa yi wa wannan ɗan kwangila aiki. A rubuta kuɗinsa tun farko, a karɓi rasit.

Akwai kuma wanda ya kamata a guje masa ko da kyauta ne: mai alkawarin nasara tun bai buɗe takarda ba, mai alfaharin sanin alƙali. Duk wanda ya sayi hukunci yau, gobe wanda ya fi shi kuɗi zai saye shi a kansa, kuma da haka ne amincewa da shari'a ke mutuwa.

Galibin ofisoshin lauyoyi a Yamai suke, yayin da ake ta gini a jihohi. Ya dace ƙungiyar lauyoyi da zauren ƴan kasuwa su kai jerin sunayen da shawarwari kusa da jama'a. Kafin nan, mai shirin kashe miliyoyi a siminti ya ware abin da zai biya a duba masa takarda. Kuɗin shawara bai taɓa kai kuɗin ƙara ba.