Ku Bar Jarumanmu Su Tsufa

A ƙarshen watan Mayun 2023 kamfanin Marvel ya kashe Kamala Khan, wato Ms. Marvel, yarinyar nan Musulma 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Jersey City. Kuma ba a cikin littafinta aka kashe ta ba. A fitowa ta 26 ta Amazing Spider-Man ta mutu, tana kare Mary Jane, a labarin da ita baƙuwa ce a cikinsa. Aka fitar da littafi na musamman na ta'aziyyarta, muka saya. Kafin watan Yuli ya ƙare sai ga ta ta dawo da ranta, an ce yanzu tana cikin dangin X-Men. Ko wata biyu zaman makokin bai cika ba.

Mu masu bibiyar littattafan zane na jarumai mun gaji da wannan rainin hankali. Superman ya mutu a 1992, ya dawo a 1993. Captain America ya mutu a 2007, ya dawo a 2009. An mayar da mutuwa dabarar talla, duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi sai a haƙa wa wani kabari. Idan mai karatu ya san gawar za ta tashi, me zai sa gabansa ya faɗi lokacin da jarumi ya shiga haɗari?

Har aure ma bai tsira ba. A 2007, cikin labarin One More Day, Peter Parker ya ƙulla yarjejeniya da shaiɗanin nan Mephisto, aka shafe aurensa da Mary Jane don a ceci ran goggonsa May. Auren shekara ashirin, tun 1987, aka goge shi don kawai masu kamfani suna son Spider-Man ya zauna a matsayin tuzuru mai neman kuɗin haya har abada.

Hujjarsu mun san ta. Suna cewa yara sababbin masu karatu ba za su so jarumi mai iyali ba, kuma jarumin dukiyar kamfani ce da ake sayar da fim da riga da sunansa, ba za a bari ya canza ba. To, shekarar 2024 ta amsa musu.

A watan Janairu Jonathan Hickman da Marco Checchetto suka fito da Ultimate Spider-Man. Peter ɗinsu magidanci ne, yana da Mary Jane da 'ya'ya biyu, Richard da May, kuma sai da ya girma sannan gizo-gizo ya cije shi. Duk daren da ya fita, akwai yaran da za su iya wayar gari marayu. Wannan shi ne tsoron da muka daɗe ba mu ji ba. Littafin ya karɓu ƙwarai.

A watan Oktoba kuma Scott Snyder da Nick Dragotta suka kawo Absolute Batman a kamfanin DC. Sun ƙwace wa Bruce Wayne dukiya da katafaren gida da mai hidima. Mahaifinsa malamin makaranta ne da aka harbe a gidan namun daji, mahaifiyarsa tana raye, shi kuma injiniya ne mai cin guminsa a Gotham. Fitowarsa ta farko ita ce ta fi kowane littafin zane ciniki a shagunan Amurka a shekarar. Ashe dai masu karatu ba sa gudun canji.

Abin da ke ba mu haushi shi ne inda aka ajiye waɗannan labarai. Dukansu a wata duniya ta gefe aka killace su, don kada su taɓa ainihin jaruman. Marubuci yana da 'yancin aurar da Peter ko talauta Bruce, muddin ba na gasken ba ne. Babban littafin kuma yana nan yana zagaye wuri ɗaya kamar raƙumin ban ruwa.

Buƙatarmu ba ta da yawa. Idan an kashe jarumi, a bar shi a kabarinsa. Idan ya yi aure, a bar shi ya haihu, ya yi furfura, ya miƙa rigar ga na baya, kamar yadda Miles Morales ya nuna cewa hakan na yiwuwa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kun karɓi kuɗinmu da hawayenmu, sai ku ba mu labarin da abin da ya faru a cikinsa ya faru da gaske. In ba haka ba, ranar da kuka sake shelar mutuwar wani, kada ku sa ran ganin mu wurin jana'iza.