Ma Long: da ɗan garinmu ne, da tuni mun rufe littafinsa

 Yau ba kokowa ba ce, ba kuma ƙwallon ƙafa ba. Maganar wani Bashinuwa zan kawo muku, ɗan wasan ƙwallon tebur, wato pinpon ɗin nan da yara ke bugawa a kan tsohon ƙyaure. Na san wani zai ce ina ruwan Matameye da pinpon. Ka yi haƙuri ka karanta.

Sunansa Ma Long. An haife shi a 1988 a birnin Anshan, ya fara riƙe raket yana ɗan shekara 5, a 2003 aka ɗauke shi cikin ekip ɗin ƙasar Sin. A farkon 2010 ya zama lamba ɗaya a duniya. To amma sai me? Gasar cin kofin duniya ta 2009, ta 2011 da ta 2013, duk a dami-final ake fitar da shi, kuma mutum guda ne ke kayar da shi, ɗan ƙasarsu Wang Hao. Sau uku fa! A Olamfik ɗin Landan na 2012 ma ba a sa shi a wasan ɗaiɗai ba, sai na ekip kawai.

Don Allah ku faɗa mini gaskiya. Ɗan kokowar da aka kayar sau uku a gab da takobi, wa zai ƙara kiran sunansa a fada in ba don a yi dariya ba? Cewa za mu yi ba shi da zuciya, ko an ɗaure shi da asiri. Mu ma 'yan rediyo da laifinmu: ranar nasara har kirari muke yi wa yaro, ranar faɗuwa ko lambarsa ba ma nema.

Su ba su sake shi ba. Yana da shekara 26 ya ci kofin duniya a 2015, ya maimaita a 2017 da 2019. A Riyo 2016 ya ɗauki zinariya, kuma a hanyarsa shi ya tsayar da Aruna Quadri na Najeriya, ɗan Afirka na farko da ya kai matakin 'yan takwas a wannan wasa a Olamfik. A 2019 aka yi masa aiki a gwiwa, wasu suka ce ya ƙare. Ya dawo ya sake cin zinariya a Tokyo, abin da babu namijin da ya taɓa yi sau biyu a jere. A Faris 2024 ya cike zinariya 6 na Olamfik.

Za ku ce ai Sin na da kuɗi da makarantun wasa. Haka ne, ban musa ba. Amma haƙuri da yaro ba a saye shi da jika ko ɗaya. A Riyo ɗin nan ne Issoufou Alfaga ya kawo wa Nijar azurfa a tekwando, a 2017 ya zama zakaran duniya, ƙasa duk ta ɗauki murna. Da ya dawo daga Tokyo hannu sake, mutum nawa ne suka tuna cewa tun tagullar Issaka Daboré ta 1972 ba wanda ya kawo mana lambar Olamfik sai shi?

Abin da ya sa ni wannan rubutu ma a nan gida ya faru. Lokacin hutun lakwal, a final ɗin gasar unguwanni, wani yaro da bai fi shekara 16 ba ya ɓarar da fenariti. Ina bakin fili, na ji abin da manya masu gemu suka riƙa faɗa masa, har da ambaton uwarsa. Ni ma ban ce uffan ba. Jiya na tambayi mai horar da su, ya ce tun ranar yaron bai sake zuwa fili ba, takalman ma ya ba ƙanensa.