'Yan Singa, Mu Sake Shawara Kan Inda Kuɗinmu Ke Kwana

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu ƙananan 'yan kasuwa da kuma 'yan'uwanmu na karkara masu zuwa sari Kasuwar Singa.

Ni ɗan tireda ne, ina sayar da sukari da fulawa da taliya da man girki. Shekara da shekaru cinikina a banki ɗaya yake kwana, ba sai na ambaci sunansa ba. A 2024, ana gab da azumi, na je in ji ko za su ƙara mini jari in ƙaro kaya. Aka ce in kawo takardar mallakar gida, kuma kuɗin ruwa ya doshi kashi 30 cikin ɗari. Na karkaɗe rigata na fito. Ga haram, ga tsada, ga wulaƙanci. Amma wajen cire kuɗin saƙon waya da kuɗin kati, ba a taɓa mantawa da ni ba.

To, a wannan shekarar ta 2024 ne bankunan Zenith da GTCO kowannensu ya ba da sanarwar ribar da ta haura naira tiriliyan 1, wato biliyan dubu. Wani kaso na ribar bankuna a wancan lokaci daga faɗuwar darajar naira ya fito, faɗuwar da ta fara tsananta a watan Yunin 2023, wadda ita ce ta sa buhun sukari ya gagari mai shayi. Abin da ya karya mu shi ya gina su. Shi ya sa a watan Yulin 2024 Majalisar Tarayya ta amince a karɓi kashi 70 cikin ɗari na irin wannan riba a matsayin haraji. A watan Yunin 2025 kuma Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankunan da ake yi wa sassauci kan basussukan da suka maƙale da su dakatar da rabon riba, su kuma jinkirta biyan garaɓasar da daraktoci da manyan manajoji kan raba, wadda suke kira bonas. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ko a Turai an yi wannan rigima, har a 2014 aka hana garaɓasar ta wuce ninki biyu na albashi, kodayake Ingila ta soke dokar a 2023.

Na san za a ce ai wanda ya kawo riba ya cancanci tukuici. Na yarda, ni ma nakan ƙara wa yaron shagona wani abu in kasuwa ta yi kyau. Amma in aka yi asara fa? A 2009, lokacin da Malam Sanusi Lamido Sanusi yake Gwamnan Babban Banki, sai da aka sauke shugabannin wasu bankuna aka zuba naira biliyan 620 don kada su durƙushe da ajiyar mutane. Riba ta manya, asara ta kowa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Ba kuwa da yaran da ke kan kanta nake ba, yawancinsu 'yan kwantiragi ne, talakawa irinmu.

To mene ne abin yi? Na ji wasu na cewa su sun gama da banki, gara su binne kuɗinsu a ɗaki. 'Yan'uwa, kada mu yi gudun gara mu faɗa gidan zago. Gobara ba ta sallama, ɓarawo ma haka. Kuma mun ga abin da canjin kuɗi ya yi wa masu ajiyar gida a farkon 2023, yadda dattawa daga ƙauyuka suka riƙa kwana a layi da tsofaffin takardu a buhu. Wasu kuma fushi da kwaɗayi kan kai su wajen masu cewa kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu a wata guda. MMM ta tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a watan Afrilun 2025. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Shawarata ta farko, kowa ya san iyakar abin da hukumar NDIC mai inshorar ajiya za ta biya shi nan take in banki ya rushe. Tun 2024 naira miliyan 5 ne a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan maikurofainans. Da aka ƙwace lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, wanda ajiyarsa ta wuce miliyan 5 sai da ya jira a sayar da kadarori. Saboda haka mai jari da ɗan kauri ya raba shi gida biyu ko uku. Na'urar POS da asusun waya a bar su wajen karɓar ciniki, kada a mai da su rumbu.

Ta biyu, akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. Jaiz ya buɗe a 2012, kuma Kano na cikin rassansa na farko, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Su kaya suke saya su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, ka biya sannu a hankali. Amma su ma kasuwanci suke yi, ba sadaka ba. Ka tambayi jimillar abin da za ka biya, a rubuta maka, ka kai wa wanda ya iya karatu kafin ka sa hannu.

Ta uku, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, mu gyara abin da muka gada. Iyayenmu mata da adashe suke aurar da 'ya'ya, mu ma a Singa da amana ake ba mutumin Ɗambatta ko Gwarzo ko Maraɗi kaya, ya sayar ya kawo kuɗi. Aibin adashe shi ne uwar adashe ta gudu, ko wanda ya kwashi farko ya daina zubi. Maganinsa rubutu da rajista. In mutum 100 a layi ɗaya suka kafa ƙungiyar gama kai, suka yi mata rajista da gwamnatin jiha, kowa na zuba naira 5,000 a mako, a shekara an tara miliyan 26. Da wannan za a ba ɗan ƙungiya rance ba ruwa da shaidu biyu, ko a sayo tirelar kaya kai tsaye daga kamfani a raba. Kuɗin a ajiye su a banki da sunan ƙungiya, ba a fitar da ko kwabo sai mutum uku sun sa hannu, kuma duk wata a karanta lissafi a bainar jama'a. Shugaba ba shi da wani tukuici sai abin da taro ya yanka masa, kada mu haifi namu manajojin. Manajan da ya raina ajiyata ni kaɗai, in ya ga ta mutum ɗari sai ya tako da ƙafarsa har bakin shago.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiyar 'yan Kasuwar Singa da su kira taro kan wannan batu, su gayyato malamai da masana lissafin kuɗi su wayar mana da kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya kare mu daga asara, amin.



Naku,
Wani ɗan tireda,
Kasuwar Singa, Kano.