Ƙwayar Da Ke Kashe Ƙwaro Ba Ta Barin Lebura

Kowace shekara in kaka ta yi, 'yan kasuwa sukan sayi wake a Kanya Babba da sauran ƙasar Babura, su jibge a sito har ya yi tsada. Don gudun ƙwari sai su sa ƙwayar nan da ake kira Phostoxin. To, abin da ya dame mu shi ne, ba mai kaya ke saka ta ba, leburansa ne, galibinsu kuwa ba su iya karanta gargaɗin da ke jikin gwangwanin ba.

Ya kamata jama'a su san halinta. Nauyin ƙwaya ɗaya giram 3 ne, amma da zarar ta ji danshi sai ta fid da giram 1 na wata iska mai guba, mai wari kamar na tafarnuwa. Wanda ya shaƙa zai ji ciwon kai da amai, ƙirji ya ɗaure, ta taɓa huhu da zuciya. Har yau likitoci ba su da makarinta. Ƙyallen da lebura ke ɗaurawa a hanci kuwa ƙura kaɗai yake tarewa.

Saboda haka muna ganin wajibi ne mai sito ya ɗauki nauyin ran wanda ya sa aiki. A buɗe gwangwani a fili, da busasshiyar safar hannu. Kada a zuba wa ƙwayar ruwa, gama tana iya kama wuta. Kada maigadi ko almajiri ya kwana a siton, ko a ɗakin da ke jikinsa. In kwanakin rufewa sun cika, a bar ƙofofi buɗe iska ta ratsa tukuna. Wanda ya sha guba a fitar da shi fili, a garzaya asibiti, a tafi da gwangwanin.

Wani zai ce in ba ƙwaya wake ya lalace. A'a. Buhun PICS mai ninki 3 yana kashe ƙwari da rashin iska kawai.

A zamanin En'e, duba-gari ke shiga lungu-lungu. Yau ku malaman makaranta da akawunan ƙaramar hukuma, ku ne idon wanda bai yi karatu ba. Ku karanta masa, ku faɗa wa dagaci da limami su yi shela. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya kiyashe mu, amin.