Cikin yaro ba tukunya ba ne da za a wanke



Ranar kasuwa, a Sukukutane da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ba a rasa mai tallar magani. Yana ɗaga kwalba yana cewa maganinsa yana wanke cikin yaro, yana fitar da datti da guba. Yanzu irin wannan talla ta shiga har cikin wayar salula. Uwar da ɗanta ya kwana uku yana zawo, in ta miƙa kuɗi ba a ga laifinta ba, tausayi ne ya sa. Amma ra'ayina shi ne kada mu ba yaro maganin fitar da guba sai likita ya auna jininsa. Ga dalilina.

Abin da ya faru a Zamfara

Maganin fitar da guba daga jiki akwai shi. Maƙwabtanmu na jihar Zamfara, a Najeriya, sun san shi. A shekarar 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro ya fara da ciwon ciki da amai, sannan jijjiga ta kama shi. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne. Da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka auna jinin yaran, sai aka tarar gubar dalma ce. Masu haƙar zinariya suna kawo duwatsu cikin gida, ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu.

An ceci dubban yara da wani magani da ake kira DMSA. Yana kama dalmar da ke cikin jini, ta fita tare da fitsari. Sai dai likitocin ba su raba shi barkatai ba. Sai an auna jinin yaro, an ga dalmar ta kai yawan da ke buƙatar magani. Sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar gidajen an zuba sabuwa, domin yaron da ya koma cikin ƙurar maganin ba zai amfane shi ba. Shi ya sa yaran Bagega suka jira har 2013, lokacin da aka share garinsu. Bayan haka kuma ana sake auna jinin lokaci zuwa lokaci.

Wannan magani ba ya kama dalma ita kaɗai. Yana iya fitar da sinadarai masu amfani kamar zinki, yana iya wahalar da hanta da ƙoda. A Amurka, a 2005, wani yaro ɗan shekara 5 ya mutu bayan an yi masa allurar wani maganin fitar da guba don ciwon da ba na dalma ba. Maganin ya janye sinadarin kalsiyam daga jininsa, zuciyarsa ta tsaya. In haka ta faru a ɗakin likita, ina ga kwalbar da ba mu san abin da ke cikinta ba?

Abin da ya fi damun cikin yaranmu

Yawancin ciwon cikin yara a ƙasarmu daga ruwa marar tsabta yake, da hannun da ba a wanke ba, da tsutsar ciki, da ƙarancin abinci mai gina jiki. Fitowar haƙori ba ta kawo zawo. A lokacin ne yaro yake kai kome bakinsa. Abin da ke kashe mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Maganin wankin ciki kuwa ƙara fitar da ruwan yake yi.

Ga abin da ya kamata a yi. A kaɗa ƙunshi 1 na garin gishiri da sukari, wanda ake bayarwa a gidan likita, cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo. In ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba. A haɗa da ƙwayar zinki kullum, kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya. Jaririn da bai kai wata 6 ba rabin ƙwaya ake ba shi.

Kada a hana yaro abinci don yana zawo. A ci gaba da ba shi nono. Kafin wata 6 nonon uwa ya ishe shi, ba ruwa, ba jiƙo. Bayan wata 6 a ƙarfafa kunun gero da garin ƙuli-ƙuli, ko garin wake, ko garin zogale. In da hali a ƙara ƙwai ko madara. Duk waɗannan suna cikin rumbunmu da lambunmu. Idan masu aikin lafiya sun zo da bitamin A da maganin tsutsa, a fito da yara.

Yaushe za a garzaya likita?

In an ga jini a bayan gidan yaro, ko idonsa ya faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da kome, ko yana jijjiga, kada a kwana. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta.

Dalma ma ba ta yi mana nisa ba. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samarinmu da yawa suna tafiya haƙa. Wanda ya dawo ya yi wanka, ya wanke tufafinsa kafin ya ɗauki yaro. Kada a daka dutse a turmin hatsi. Kada a fasa tsohon batir a tsakar gida. Kwallin dutse da ake sa wa jarirai ma yakan ƙunshi dalma, gara a bari. In yaro yana yawan ciwon ciki da bushewar ciki, ya yi fari, kuma akwai irin wannan aiki a gidan, a gaya wa likita gaskiya. In ya ga dalili zai tura ku asibitin Dogon Dutsi ko gaba.

Mai kwalba zai naɗe tabarmarsa ya wuce wata kasuwa, yaron kuwa namu ne. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.